Gobarar Batir da Makomar Motoci Masu Aiki da Lantarki

Da sanyin safiyar ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 2024, wata mota ƙirar Mercedes-Benz mai aiki da lantarki ta kama da wuta a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, a wani rukunin gidaje da ke birnin Incheon na ƙasar Koriya ta Kudu. Motar dai ba tafiya take yi ba, ba a kuma jona ta da caji ba. Ta kwana uku a ajiye inda mai ita ya bar ta. Sai da 'yan kwana-kwana suka shafe sa'o'i 8 kafin su shawo kan wutar, kuma ko da ƙura ta lafa, motoci kimanin 140 sun ƙone ko sun lalace, an kai mutum fiye da 20 asibiti saboda shaƙar hayaƙi, sa'an nan ɗaruruwan magidanta suka yi kwanaki babu ruwa babu wuta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalin masu lura da harkokin ciniki. Cikin 'yan makonni masu irin waɗannan motoci suka shiga rige-rigen rabuwa da su, wasu rukunonin gidaje suka hana a shigar da su ƙarƙashin ƙasa, kamfanonin ƙera motoci kuma, waɗanda a da suke ɓoye sunan mai yi musu batir kamar sirrin ciki, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna bayyanawa, kafin daga bisani gwamnati ta mai da bayyanawar wajibi. Wannan ya faru ne a ƙasar da take alfahari da manyan kamfanonin batir har uku, wato LG Energy Solution da Samsung SDI da SK On, ko da yake batirin motar da ta ƙone na kamfanin Farasis ne na ƙasar Sin.

Tun daga lokacin ake ta maimaita tambaya guda a ofisoshin inshora da tashoshin jiragen ruwa: shin wannan mota da duniya ta ɗora wa buri, ba za ta zame wa jama'a alaƙaƙai ba? Kafin a amsa, ya kamata a san abin da ke cikin batirin.

Batirin motar lantarki ɗan gida ɗaya ne da na wayar hannu, wato batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991, wanda kuma ya ja wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a 2019. Bambancin yana wajen girma. Waya ƙwayar batir ɗaya ko biyu take da ita, mota kuwa tana ɗauke da ɗaruruwa ko dubbai, an jera su cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujeru, nauyinsu kan kai rabin tan. Kowace ƙwaya tana da ɓangare biyu waɗanda bai kamata su taɓa juna ba, an raba su da wani ɗan shamaki wanda bai kai silin gashi kauri ba, kuma ruwan da litiyam ke bi ta cikinsa yana kai da komowa tsakanin ɓangarorin nan ruwa ne mai kama wuta.

Muddin shamakin nan yana nan lafiya, babu abin fargaba. Amma idan ya yage, ko saboda haɗari, ko kuskuren masana'anta, ko cajin da ya wuce kima, sai ɓangarorin biyu su haɗu, zafi ya tashi. Zafin ya narkar da kayan cikin ƙwayar, narkewar ta haifar da wani sabon zafin, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya kai ɗaruruwan digiri, sa'an nan ya tsallaka zuwa ƙwayar da ke maƙwabtaka, ita ma ta bi sahu. Wannan shi injiniyoyi ke nufi da ɓarkewar zafi. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, batirin da aka haɗa da sinadaran nikel da kobalt yakan saki iskar oksijin daga jikinsa idan ya yi zafi, ke nan yana ciyar da wutarsa da kansa. Hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iska mai guba.

Shi ya sa dabarar da 'yan kwana-kwana suka gada ba ta cika yin tasiri a kansa ba. Wutar man fetur da an lulluɓe ta da kumfa an hana ta iska, ta mutu. Ta batir kuwa sai an sanyaya ƙwayoyin, alhali suna kulle cikin akwatin da aka ƙera musamman domin kada ruwa ya shiga. Littafin jagora da kamfanin Tesla ya tanadar wa masu aikin ceto ya nuna ana iya buƙatar galan 3,000 na ruwa, wato fiye da lita 11,000, a kan mota ɗaya. Bayan an kashe ma tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙwayoyin da suka ji rauni suna nan da sauran ƙarfin lantarki a cikinsu, kuma suna iya sake tashi a bayan motar janwe ko a garejin da aka kai gawar motar. Tun a shekarar 2011 aka ga misalin haka a Amurka, sa'ad da wata Chevrolet Volt ta kama da wuta makonni uku bayan da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta gwada ƙarfinta ta hanyar buga ta. A wasu ƙasashen Turai har kwantena ake cikawa da ruwa a tsoma motar ciki ta kwana.

To, amma sau nawa hakan ke faruwa? A nan ne alƙaluma suka saɓa wa abin da ido ke gani a talabijin. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin ta ƙirga gobara 23 a shekarar 2022 cikin motoci kimanin 611,000 masu aiki da lantarki ko masu haɗa lantarki da mai. A wannan shekarar, motocin fetur da na dizal kimanin miliyan 4.4 sun yi gobara wajen 3,400. Idan aka auna, motar mai ta ninka ta lantarki kusan sau 20 wajen yiwuwar kamawa da wuta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya tuna cewa motar fetur tankin mai take ɗauke da shi, ga injin da ke aiki da ƙonewa, ga salansa mai zafi.

Sai dai akwai gyara a wannan lissafi, kuma masu tallar motar lantarki ba su cika son ambatonsa ba. Galibin motocin lantarki da ke kan titi sababbi ne, ita kuwa gobara tsofaffin motoci ta fi bi, waɗanda wayoyinsu suka zaizaye, tiyonsu ya tsattsage. Gwajin gaskiya yana gaba, lokacin da miliyoyin batura za su shekara 15 ko 20, su wuce hannu na biyu da na uku. A ɗaya gefen kuma, akwai gobarar da aka ɗora wa motar lantarki alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Lokacin da wuta ta cinye wurin ajiye motoci na filin jirgin saman Luton a Ingila cikin Oktoban 2023, ta hallaka motoci fiye da 1,300, nan da nan aka baza cewa batir ne. Binciken hukumar kashe gobara ya tabbatar daga motar dizal ta tashi.

Mai sana'ar inshora abu biyu yake aunawa: yawan aukuwar haɗari, da girman hasarar idan ya auku. A ma'auni na farko motar lantarki ta yi zarra. A na biyu ne take da bashi, kuma bashin ba ƙarami ba ne.

Kamfanin General Motors na Amurka ya ɗanɗana. A watan Nuwamban 2020 ya fara kiran motocinsa ƙirar Chevrolet Bolt domin gyara, bayan da wasu 'yan ƙalilan suka ƙone a ajiye. Kafin ƙarshen Agustan 2021 kiran ya game duk wata Bolt da aka taɓa ƙerawa, kimanin 142,000. Bincike ya gano lahani iri biyu da kan haɗu a ƙwaya ɗaya jefi-jefi, wato yagewar wani ɗan ƙarfe da kuma naɗewar shamakin nan da aka ambata. Kafin a sauya baturan, an umarci masu motocin da kada su yi caji fiye da kashi 90 cikin 100, kada su bari ya yi ƙasa ainun, su kuma ajiye motar a waje bayan caji, nesa da wasu motoci. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala miliyan 2,000, kuma kamfanin LG da ya yi baturan ya amince ya ɗauki har dala miliyan 1,900 daga ciki. Motocin da suka ƙone ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba, amma da yake babu hanyar gane wace ce mai lahanin ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, sai laifin 'yan kaɗan ya shafi kowa. Haka kamfanin Hyundai ya yi a Fabrairun 2021, inda ya kira motoci kimanin 82,000, galibinsu ƙirar Kona, a kan kuɗi wajen dala miliyan 900.

Dalilin tsadar a fili yake. Batir shi kaɗai kan lashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar ko ma fiye, saboda haka sauya shi kusan sayen rabin mota ne. Wannan ne kuma ya sa kamfanonin inshora a Turai da Amurka kan gwammace su biya diyyar mota baki ɗaya idan akwatin batirinta ya ɗan lotse, maimakon su amince da gyaran da ba wanda zai iya rantsuwa a kansa.

A teku ma maganar ta kai. Jirgin dakon motoci mai suna Felicity Ace ya kama da wuta a Fabrairun 2022 kusa da tsibiran Azores, ɗauke da motoci kusan 4,000 na rukunin kamfanonin Volkswagen, ya nutse a ranar 1 ga Maris. A Yulin 2023 Fremantle Highway ya ƙone a gaɓar tekun Holan, ma'aikaci ɗaya ya rasu. A Yunin 2025 kuma Morning Midas ya nutse a tekun Pasifik, kudu da Alaska, da motoci wajen 3,000. Dukkansu akwai motocin lantarki a cikin kayan, amma kasancewarsu a jirgi ba hujja ba ce cewa su suka ta da wutar. Hasali ma da aka shiga Fremantle Highway an tarar da yawancin motocin lantarkin a benayen ƙasa ba su ƙone ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, idan wutar ta isa gare su, ma'aikatan jirgi 'yan ƙalilan ba su da yadda za su yi da ita. Saboda haka kamfanin jiragen ruwa na Havila a ƙasar Norwe ya daina ɗaukarsu a 2023, Matson na Amurka ma ya dakatar a 2025.

Kasuwa ba ta jira malaman jami'a ba wajen neman mafita. Akwai wani nau'in batirin litiyam da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet a maimakon nikel da kobalt, wanda aka fi sani da LFP. Ya fi jure zafi, ba ya saurin sakin oksijin, ya fi daɗewa, ya kuma fi araha domin ba ya buƙatar kobalt, wanda akasarinsa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙowa. Aibinsa shi ne bai kai ɗan'uwansa ɗaukar wuta ba, don haka tafiyarsa ba ta kai nisa, abin da ya sa kamfanonin Yammacin duniya suka daɗe suna yi masa kallon na talaka. Kamfanonin Sin ne suka riƙe shi. A Maris ɗin 2020 kamfanin BYD ya fito da nasa samfurin, ya soke shi da ƙusa a gaban jama'a bai kama wuta ba. Zuwa 2024, bisa alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya, wannan nau'i ya kusan kai rabin baturan motocin lantarki da aka sayar a duniya. Ba wai ba ya ƙonewa ba ne sam, yana yi, kuma iskar da yake fitarwa tana iya fashewa a rufaffen wuri. Amma tazarar da ke tsakaninsa da haɗari ta fi faɗi.

Doka ma ta biyo baya. Ƙa'idar da Sin ta kafa a 2020 cewa ta yi dole mota ta gargaɗi waɗanda ke ciki minti 5 kafin wuta ta iso gare su. A Afrilun 2025 aka bayyana sabuwar ƙa'ida wadda ta ce ko da ƙwaya ɗaya ta ɓarke, kada batirin ya kama wuta ko ya fashe, aka kuma tsayar da 1 ga Yulin 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita kan sababbin samfura. Da yake a Sin ake ƙera fiye da kashi 70 cikin 100 na baturan duniya, dokarta kusan dokar kowa ce. A gefe guda ana ci gaba da aiki kan batirin da babu ruwa a cikinsa, wanda kamfanin Toyota ya ce yana fatan fitarwa tsakanin 2027 da 2028, ko da yake wannan alkawari an sha ɗaga shi, da kuma batirin sodiyam wanda kamfanin CATL ya gabatar.

Ga dukkan alamu dai gobara ba ita za ta tsayar da wannan mota ba. An sayar da kimanin miliyan 14 a 2023, aka haura miliyan 17 a 2024, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar da aka sayar a duniya, kuma fiye da miliyan 11 daga ciki a Sin ne. A Norwe kusan 9 cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a 2024 ta lantarki ce zalla. Inda kasuwar ta yi tangal-tangal, kuɗi da siyasa ne suka jawo. Amurka ta janye rangwamen harajin dala 7,500 da take bai wa masu saye a ƙarshen Satumban 2025, Hukumar Tarayyar Turai kuma a Disamban wannan shekarar ta gabatar da shawarar sassauta dokar da ta tanadi daina sayar da sababbin motocin mai daga 2035. Abin da gobara za ta yi shi ne ta tankaɗe kamfanoni: mai ƙarfin gwaji da jarin biyan diyya ya tsaya, mai haɗe-haɗe ya faɗi.

Inda batir ya fi kisa ma ba a mota ba ne. Ƙananan babura da kekuna masu lantarki ne, waɗanda ake wa caji a cikin ɗaki ko a bakin ƙofa cikin dare, da baturan da ba a san asalinsu ba da caja ta aro. A birnin New York an yi gobarar batirin litiyam 268 a 2023, mutum 18 suka mutu. Bayan da aka hana sayar da waɗanda ba su da shaidar inganci aka kuma matsa wa masu shaguna, mamatan suka ragu zuwa 6 a 2024. A birnin Nanjing na Sin, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye irin waɗannan babura a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024. Indiya ma ta tsaurara ƙa'idojinta bayan jerin gobarar babura a 2022. Motar babban kamfani tana da na'urar da ke lura da zafin kowane rukunin ƙwayoyi da ruwan sanyaya su. Batirin da aka haɗa a bayan shago ba shi da ko ɗaya. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

A nan ne maganar ta shafi Nijeriya kai tsaye, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Motar lantarki ba baƙuwa ba ce ƙwarai a ƙasar nan. An nuna Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas tun 2020, kuma a 2021 Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan bas-bas masu aiki da lantarki. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu babura da Keke Napep suka fara lissafin batir da gaske, magidanta da masu shaguna kuma suka koma ga baturan litiyam domin adana wutar sola.

Amma hanyar da mota ke bi ta iso hannun yawancin 'yan Nijeriya ita ce ta gwanjo, ta tashoshin Legas ko ta Kwatano, kuma da yawa daga cikin motocin nan waɗanda suka yi haɗari ne ko ambaliya ta shafa, kamfanonin inshorar Amurka suka yi gwanjonsu. Motar fetur da ta sha ruwa bakanike na iya wanke ta ya tashe ta. Batirin da ruwan gishiri ya shiga kuwa wuta ce a kwance, kamar yadda aka gani a jihar Florida bayan guguwar Ian ta 2022, inda motocin lantarki suka riƙa kamawa kwanaki bayan ruwa ya janye. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wanda shi kaɗai ba ya ta da gobara amma yana saurin tsufar da batir. Ga wutar lantarki mai hawa da sauka. Ga kuma motar kwana-kwana da sau da yawa ruwan da take ɗauke da shi bai kai abin da mota ɗaya ke buƙata ba, a garuruwan da famfunan kashe gobara na bakin titi suka zama tarihi.

Aikin da ke gaban Hukumar Kwastan da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da hukumomin kashe gobara bai fi ƙarfinsu ba, idan aka fara da wuri. Kowace mota tana da lambar jikinta, kuma da wannan lamba ana iya duba ko tana cikin waɗanda kamfani ya kira domin sauya batir, da ko an sauya ɗin, da ko an taɓa rubuta ta cikin waɗanda ambaliya ta shafa. Motar da aka ƙera bisa sabuwar ƙa'idar Sin za ta shekara da yawa kafin ta sauko kasuwar gwanjo. Waɗanda za su riga ta isowa tashar Tin Can su ne na shekarun 2017 zuwa 2021, wato tsarar da aka yi ta kira ana sauya wa batir.